Wa'adin kwana 180: jayayyarmu da kamfanin inshora kan ciwon damuwar maigida

14 ga Mayu, 2024

Yau wasiƙar ta iso. Na dawo daga diyutin dare na buɗe akwatin wasiƙu na ga ambulan mai kauri, tun kafin in hau bene jikina ya ba ni, don da amincewa suka yi ai shafi ɗaya ya isa. Shafi bakwai ne kuma duk abin da ke ciki bai wuce ba za su biya ba, wai ba su ga hujjar da ta nuna ciwon damuwar da ke damun maigida ya kai ya hana shi aiki ba.

Bari in ɗan koma baya. Muna zaune a Kolombus ta jihar Ohayo a Amurka shekara goma sha ɗaya kenan, shi ma'aikacin lab ne a wani asibiti, masu gwajin jini, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi. Abun ya fara ne a hankali bayan rasuwar mahaifinsa, barci ya ƙaurace masa, abinci sai na yi da gaske, hira ta mutu a gidan. Rabonsa da aiki tun 16 ga Oktoban 2023, ranar da shugabarsu ta kira shi ofis saboda karo na uku kenan a wata guda yana liƙa sunan wani a kwalbar jinin wani, Allah ya taimaka duk ukun abokin aikinsa ya gani kafin sakamako ya fita. Mutumin da ya shekara tara a wurin ba a taɓa kama shi da kuskure ba.

Inshorar da wurin aikin ya yi musu ta biyan mutum kuɗi in ciwo ya hana shi aiki kala biyu ce, ta gajeren lokaci da ta dogon lokaci. Ta gajeren sun biya wata shida ba gardama, kuma kamfanin nan ɗaya ne fa. Ta dogon ya kamata ta kama daga tsakiyar Afrilu, kashi 60 na albashinsa, dala 3,100 a wata, ita ce suka hana. Aikin kuwa tuni ya tafi, don dokar hutun jinya ta FMLA sati 12 kawai take riƙe wa mutum kujerarsa, tun Janairu suka ɗauki wani.

Na miƙa masa wasiƙar ya karanta shafin farko ya ninke ya ce "Allah ya sa hakan ne mafi alheri, a bar su kawai." Ban ce masa komai ba. A shafi na shida na ga inda aka ce muna da kwana 180 mu ɗaukaka ƙara, na ja layi da jan biro.

16 ga Mayu

Sau uku na karanta ta, dalilansu uku ne. Na ɗaya, wai a rubutun likitocinsa an sha rubuta cewa ya ce yana lafiya. Na biyu, wai babu wani gwaji da ya nuna tunaninsa ko natsuwarsa sun taɓu, duk faɗa ce ta baki. Na uku shi ya fi ƙona min rai, hoton ƙaramar sallah da ƙanwata ta ɗora a Facebook ranar 10 ga Afrilu, yana sanye da farar shadda yana murmushi da yara, wai hakan ya nuna yana shiga jama'a yana walwala. Wallahi ranar sai da na yi kusan awa biyu ina lallaɓa shi kafin ya yi wanka, ni na sa masa hula, minti arba'in muka yi a filin idi muka dawo ya shige ɗaki bai sake fitowa ba sai jibi. Duk wannan hoto ba ya ɗauka.

Na kira kamfanin, matar da ke riƙe da kes ɗin ta ce ai abu ne mai sauƙi, in rubuto 'yar wasiƙa in ce ban yarda ba za su sake dubawa. Har na fara rubutawa a waya lokacin hutu sai wata abokiyar aikina 'yar Somaliya da mijinta ya taɓa shiga irin wannan saboda ciwon baya ta ce kul, kar ki kuskura ki tura komai sai kin ga lauya, wannan 'yar wasiƙar ita ta kashe kes ɗinsu. Allah ya saka mata da alheri.

23 ga Mayu

Mun ga lauya, ko in ce na ga lauya, don shi ya ce ba zai iya fita ba sai ta waya aka haɗa shi. Abin da ta yi min bayani na rubuta shi kaf saboda kar in manta.

Galibin inshorar da ta biyo ta wurin aiki mai zaman kansa a ƙasar nan tana ƙarƙashin wata dokar tarayya ta 1974 da ake kira ERISA, kuma a ƙarƙashinta sai ka fara ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin kansa kafin kotu ta saurare ka. Toh inda gizo ke saƙar shi ne in an je kotu galibi alƙali ba ya karɓar sabuwar shaida, ba a kiran likita ya tsaya ya yi magana, ba a kiran ni matarsa, fayil ɗin da ke hannun kamfani ranar da suka yanke hukuncin ƙarshe shi kaɗai zai karanta. Kenan duk abin da ba mu cusa a fayil ɗin nan cikin kwana 180 ba shikenan ya wuce. Kuma ko ka ci nasara a kotu kuɗinka da aka riƙe za a ba ka, babu diyyar wahalar da aka sha.

Na ce mata toh ai likitansa da ke ganinsa duk wata ya ce ba zai iya aiki ba, ba a gama magana ba? Ta girgiza kai ta ce tun 2003 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ba dole ne kamfani ya fifita maganar likitan da ke duba mutum a kan ta likitan da su suka ɗauka ya karanta takardu ba, abin da kawai ba za su yi ba shi ne su yi watsi da ita haka siddan ba dalili. Sannan akwai wani layi da ake sakawa a yarjejeniyar da ke ba kamfani ikon fassara ta yadda ya ga dama, wasu jihohi irin su Kalifoniya sun hana shi, amma a tamu takardar yana nan daram.

Kuɗinta kashi ɗaya cikin uku na abin da aka samu, in ba a samu ba ba ta da ko sisi. Na sa hannu, shi ma ya sa ta intanet. Ta ce kar mu ƙirga daga ranar da wasiƙar ta iso, mu ƙirga daga kwanan watan da ke jikinta don kar a samu abin ja, 9 ga Mayu kenan, wa'adinmu ya faɗa 5 ga Nuwamba, ranar zaɓen shugaban ƙasa. Na rubuta na manna a jikin firij. Yau ɗin ta tura musu takardar neman fayil ɗin gaba ɗaya, doka ta ce kyauta za su bayar, ta kuma nemi ainihin yarjejeniyar daga tsohon wurin aikinsa, su kwana 30 gare su in ba haka ba kotu na iya cinsu tarar har dala 110 kowace rana.

12 ga Yuni

Fayil ya zo, shafi 640 da 'yan kai. Kwana huɗu na yi ina karantawa a teburin kicin bayan yara sun kwanta, kuma na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar Inna.

Ba ƙarya suka yi ba, abun yana nan a rubuce. Na ƙirga sau goma sha ɗaya a rubutun likitan gida da na likitan ƙwaƙwalwa an sa cewa mara lafiya ya ce yana nan ƙalau, ko ya ce da sauƙi, ko ya ce yana godiya ga Allah. Kuma na san yadda aka yi, kamar ina ɗakin. Likita zai ce ya jikin, shi kuma zai ce lafiya lau, da sauƙi, alhamdulillah, don haka aka tarbiyyantar da mu, a Kano ko kan gadon asibiti kake da ƙarin ruwa a hannu aka ce ya jiki da sauƙi za ka ce, kuma duk Bahaushen da ya ji ya san gaisuwa ce ba rahoto ba, zai dubi fuskarka ya gane sauran. Ai shi ya sa aka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Toh likitan da kamfani ya ɗauka bai taɓa ganin fuskar maigidana ba, ko muryarsa bai ji ba, takarda aka tura masa ya karanta ya rubuta shafi huɗu ya ce mutumin nan da bakinsa ya ce lafiyarsa lau.

Har tsaftarsa sun yi hujja da ita. An rubuta ya zo tsaf da gugaggun kaya, gashi a gyare. Ni nake guge kayan, ni nake tsayawa a kansa ya yi aski, don ba zan bari mijina ya fita duniya ta gan shi a wulaƙance ba, ashe rufin asirin da nake yi masa shi ake juyawa a ce ba abin da ke damunsa.

Abin da ya ɗan sanyaya min rai, a cikin shafukan nan dai akwai wata takardar tambayoyi tara da ake ba shi ya cike kafin ya shiga wajen likita, PHQ-9 sunanta, kowace tambaya maki 0 zuwa 3, ƙarshenta 27, daga 20 zuwa sama ana ɗaukarsa mai tsanani ne. Nasa 21, 23, 22, 24, bai taɓa sauka ƙasa da 19 ba. A takarda inda ba idon kowa yana faɗin gaskiya, in an tambaye shi baki da baki sai kunya ta hana. Likitan kamfanin ko sau ɗaya bai ambaci makin nan ba. Na yi musu alama duka da kalar ruwan ɗorawa na kai wa lauya.

17 ga Yuni

Jiya babbar sallah, ba mu je ko'ina ba kuma na roƙi dangi kar wanda ya ɗora hotonmu. Mun kira Hajiya mun yi mata barka da sallah, bayan ya ba ni wayar ta ce "ke 'yar nan, wai me nake ji kuna shari'a da Turawa kuna cewa ɗana ya samu taɓin hankali? So kuke a ce da a gida ne sai Dawanau?" Na ce Hajiya ki yi haƙuri ba haka ba ne, hankalinsa ƙalau, ciwo ne kamar hawan jini ko suga, yana hana barci yana hana natsuwa yana cinye ƙarfin mutum, kuma ba na Turawa ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 280 ke fama da shi. Ta yi shiru ta ce toh a dai dage da addu'a, za ta aiko da rubutu da habbatus sauda in an samu mai zuwa. Na ce Allah ya ƙara girma, muna so. Ban ga laifinta ba, tsoro take ji kar a yi wa jikokinta gori gobe in sun tashi aure, ni ma wannan tsoron ya sa na yi shekara guda ina cewa mutane ciwon ulsa ne.

2 ga Yuli

Yau na shiga ɗakin likitan ƙwaƙwalwa tare da shi, karo na farko. Sai da muka yi daren jiya muna magana a kai. Ya ce min shi fa ba zai zauna gaban wani ƙato yana zayyana masa cewa ba ya iya wanka ba, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na ce Abban yara na sani, kuma wannan halin naka na zurfin ciki yana cikin abin da ya sa nake ganin girmanka, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, likita ba surukinka ba ne, in ka ɓoye masa maganin ma ba zai san yadda zai daidaita maka ba balle maganar inshora. Ya daɗe bai ce komai ba sannan ya ce toh ki shigo ke ki faɗa.

Likita ya ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Na ce likita ka ba ni minti biyar. Na faɗa masa barcinsa awa uku ne, yana farkawa ƙarfe biyu ya zauna a falo cikin duhu har asuba, ya rame kilo tara, sau biyu ya bar tukunya a wuta ya manta, ya daina tuƙi tun ranar da ya wuce jan danja da yara a mota, mutumin da ke sauke Alƙur'ani duk wata yanzu shafi ɗaya sai ya maimaita sau biyar bai san me ya karanta ba. Likitan ya ajiye biro ya juya ya tambaye shi haka ne? Ya sunkuyar da kai ya ce haka ne, har ma ya fi haka. Na kuma yi masa bayanin da sauƙi da alhamdulillah a wajenmu, ya ce bai taɓa sani ba, ya ce zai rubuta wannan a fayil da hannunsa kuma daga yau ba zai ƙara tambayarsa ya jiki ba, zai dinga tambaya awa nawa ka yi barci, me ka ci jiya, yaushe rabonka da fita.

A mota bai yi min magana ba har muka iso gida. Da dare ya ce na gode.

19 ga Yuli

Maganar kuɗi. Wata uku kenan ba ko dala daga ɓangarensa, na ƙara diyuti biyu a sati, mun sayar da motarsa, matan adashinmu sun yarda na ɗauki kwasar wannan watan duk da ba layina ba ne, Yaya kuma ya turo daga Hustan ya ce kar in sake in ce masa bashi ne. Kuɗin da muke tura wa gida duk wata mun rage shi rabi, wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Mun kuma cike takardar neman tallafin naƙasa na gwamnatin tarayya, SSDI, don yarjejeniyar ta wajabta a nema. Lauya ta ja min kunne tun yanzu cewa in gwamnati ta amince ba ƙari za mu samu ba, kamfani zai cire daidai abin da gwamnati ke bayarwa daga nasa, har na yara, don haka in kuɗin baya suka zo a dunƙule kar mu taɓa su, nasu ne.

8 ga Agusta

Daren Litinin ya yi muni. Ya ce min yana ganin da babu shi da mun fi samun sauƙi. Ban taɓa jin irin wannan daga bakinsa ba, jikina har rawa yake, na kira 988, layin da aka buɗe a 2022 saboda irin wannan halin, suka yi magana da ni suka yi da shi kusan awa guda, washegari da sassafe muna wajen likita. Duk magungunan gidan yanzu suna hannuna a kulle ni nake ba shi.

Maganin damuwar da yake sha, Satralin, ya kai miligiram 200 wanda shi ne iyakarsa, an gwada wani daban ma wata uku ba wani canji, don haka likita ya ce a gwada TMS, wata na'ura ce da ake ɗora wa mutum a gefen kai tana aika bugun maganaɗisu, ba a sa barci ba a yanka, kwana biyar a sati har zama 36. Inshorar lafiya ta wurin aikina da na mayar da shi kanta ta amince. A wannan satin ko fayil ban buɗe ba, bai dame ni ba.

Liman ya zo gida ranar Laraba, ya zauna da shi ya yi masa addu'a, ya kuma ce masa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, shan magani ba raunin imani ba ne. Na ga maganar ta shige shi fiye da duk wadda ni na yi.

27 ga Agusta

An yi gwajin ƙwaƙwalwar da lauya ta nema, tunda sun ce ba gwaji toh ga gwaji. Awa shida da hutu a tsakani, ana auna riƙe abu a ka da saurin tunani da iya tsayar da hankali a kan abu ɗaya, kuma a ciki akwai wasu tambayoyi da aka saka musamman don kama mai ƙirƙirar ciwo ko wanda ba ya ba da ƙoƙarinsa. Dala 2,800, ofishin lauya ya biya za a cire daga baya. Ya dawo kamar an yi masa duka.

21 ga Satumba

Sakamako ya fito. Ya tsallake duk tambayoyin kama mai ƙarya, basirarsa tana nan inda take, amma saurin aiki da tsayar da hankali sun faɗi ƙasa sosai, kuma mai gwajin ta rubuta ƙarara cewa bayan kamar minti ashirin kurakuransa ke ninkuwa. Abin da ya faru da kwalaben jinin nan kenan, yanzu ga shi da lamba.

Wani abu kuma da lauya ta tono wanda ni ban lura da shi ba, a fayil sun auna aikinsa ne da ƙarfin jiki kawai, wai aiki ne mara nauyi, tsayuwa da ɗaukar abin da bai wuce fam 20 ba, tunda yana iya tsayuwa yana iya ɗauka toh yana iya aiki. Ba wanda ya rubuta cewa aikin shi ne ka duba samfur ɗari da wani abu a diyuti guda ba tare da ka haɗa na wani da na wani ba, kuma kuskure ɗaya na iya sa a ƙara wa mutum jinin da bai dace da nasa ba. Yarjejeniyar kuwa cewa ta yi a shekara biyun farko abin dubawa shi ne ko zai iya aikinsa na kansa, ba kowane aiki ba. Ta ɗauko wani masanin sana'o'i ya rubuta rahoto a kan haka.

Ni kuma nawa aikin shi ne littafin da nake rubutawa kullum tun Yuli, ƙarfe nawa ya kwanta, nawa ya tashi, ya ci ko bai ci ba, ya fita ko bai fita ba, har ranakun da ya ɗan warware ina sakawa don lauya ta ce kar in ɓoye su, gaskiya ce ke riƙe kes. Na rubuta bayanina shafi biyar har da labarin hoton sallah daga farko zuwa ƙarshe. Abokin aikinsa da ya kama kurakuran nan ma ya rubuto nasa, liman ya rubuto cewa mutumin da ba ya rasa sahun farko yau wata goma rabonsa da jam'in asuba. Da na karanta wa maigida na liman sai da ya share hawaye, ya ce yanzu kowa ya sani kenan. Na ce mutum uku ne suka sani kuma duk masu ƙaunarka ne.

28 ga Oktoba

An tura. Wasiƙar lauya shafi 31, hujjoji shafi 400 da wani abu, ta faks da kuma ta gidan waya mai rasit, saura kwana takwas wa'adi ya cika. Doka ta ce wanda zai duba yanzu ba zai zama wanda ya hana da farko ba ko yaronsa, likitan ma sai sabo. Kwana 45 gare su, suna iya ƙara wasu 45. TMS ya ƙare farkon watan nan, makinsa ya sauko 17, yana ɗan cin abinci, ranar Asabar ma shi ya raka ƙaramin wajen ƙwallo.

12 ga Disamba

Ranar ta 45 cif suka aiko cewa suna buƙatar ƙarin 45. Haya ta wannan watan da kyar.

20 ga Disamba

Sun turo rahoton sabon likitansu, kuma ba don alheri suka turo ba, tun Afrilun 2018 ƙa'ida ta tilasta musu in sun samo sabuwar hujja da za su hana da ita sai sun nuna maka sun ba ka lokaci ka mayar da martani kafin su yanke. Wannan ɗin ya yarda akwai ciwo amma wai saukowar maki zuwa 17 ta nuna ya warke isasshe, kuma wai ya kira likitanmu sau uku bai same shi ba. Na je ofishin likitan da kaina, sakatariya ta duba ta ce kira biyu ne, ɗaya ƙarfe shida da rabi na yamma bayan an tashi, ɗaya kuma ta ce masa likita na tare da mara lafiya ya bar lamba, sun kira washegari ba a ɗauka ba. Ta buga min takardar ta sa hannu.

Raina ya ɓaci sosai yau. Mutum ya sha wuya sati bakwai ana buga masa na'ura a ka ya ɗan samu sauƙin da zai iya cin tuwo, sai a ce sauƙin nan shi ne hujjar hana shi.

6 ga Janairu, 2025

Martani ya tafi. Likitanmu ya rubuta shafi uku, ya ce 17 har yanzu ciwo ne mai ƙarfi a ma'aunin, kuma iya raka yaro filin ƙwallo daban, iya awa takwas kan jinin mutane daban, ya ce duk mai son magana da shi ya rubuto tambayoyinsa a takarda zai amsa a takarda. Ya sake nanata maganar gaisuwarmu, har ya rubuta alhamdulillah da haruffan boko ya yi bayaninta.

23 ga Janairu

Lauya ta kira ina wajen aiki ina canza wa wata tsohuwa zanin gado. Sun janye, sun amince, za su biya tun daga Afrilu. Na shiga banɗaki na rufe ƙofa na yi ta kuka, da na fito na samu wuri na yi sujada. Da na kira shi ya yi shiru can ya ce "kenan sun yarda ba ƙarya nake ba." Wata takwas ashe abin da ke cinsa kenan, ni ina ta lissafin haya.

18 ga Fabrairu

Kuɗin baya sun shigo, dala dubu 29 da ɗori, lauya ta ɗauki kasonta da kuɗin gwaji da na masanin sana'o'i, kuma akwai haraji a kai tunda wurin aiki ne ke biyan kuɗin inshorar ba shi ba, na ware wannan gefe. Na biya bashin katin banki, na kai wa Yaya nasa ya ƙi karɓa sai na tura wa matarsa, an koma tura wa Hajiya cikakke.

Sai dai a wasiƙar amincewar akwai sakin layin da lauya ta riga ta nuna min tun bara, ciwon da ya shafi ƙwaƙwalwa wata 24 kawai suke biya a wannan yarjejeniyar, da ciwon baya ne ko na zuciya da har shekarun ritaya. Kuma lissafin ya fara tun Afrilun 2024, kenan wata goma sun tafi muna jayayya, Afrilun 2026 za a rufe ko ya warke ko bai warke ba. SSDI kuma sun hana a zagayen farko, wasiƙarsu ta zo makon jiya, kwana 60 gare mu mu nemi a sake dubawa, na riga na manna sabuwar takarda a firij inda tsohuwar take.

Jikin nasa yau da gobe, makon nan barci awa biyar, makin 15. Azumi saura kwana goma sha ɗaya ko sha biyu, Alhamis za mu je a tsara masa lokutan shan magani tsakanin buɗa baki da sahur, kuma kamfani sun aiko sabon fom shafi tara da suke so likita ya cike kafin 14 ga Maris, shi ma zan tafi da shi. Maigida ya ce wannan karon shi zai yi bayani da bakinsa, ni in zauna daga gefe in ya manta wani abu in tuna masa.